Yadda Ciniki Ya Shiga Asibitin Gwamnati

Tun da aka sa hannu kan dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta wajabta inshora a kan kowane ɗan Najeriya, tsohuwar gardama ta dawo: wa ya kawo "biya kafin a duba ka" cikin asibitin gwamnati? Amsar da aka fi ji ita ce SAP, shirin gyaran tattalin arziki na Babangida. A ganina ɓarnar ta girmi SAP.

Zamanin Turawa asibitoci kaɗan ne, yawancinsu a birane. Da kuɗin mai suka kwararo, shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980 ya ƙuduri kai asibiti har ƙauye. An yi gine-gine, amma ba a tanadi kuɗin tafiyar da su ba idan mai ya faɗi. Kuma ya faɗi. A jawabin juyin mulkin 31 ga Disamba 1983, Abacha ya koka cewa asibitoci sun zama wurin ganin likita kawai, babu magani, babu kayan aiki. Ke nan tun kafin SAP ta zo a 1986, mara lafiya ya saba karɓar takarda ya nufi kemis.

Abin da 1987 ta yi shi ne halasta wannan hali. Bankin Duniya ya fitar da rahoto yana ba da shawarar a riƙa cajin marasa lafiya. A shekarar ce kuma ministocin lafiya na Afirka suka amince da Shirin Bamako, tare da UNICEF da WHO: a zuba jarin magani, a sayar da sauƙi, kuɗin su riƙa juyawa. Ba zan ce niyyar ba ta da kyau ba. Magani na kuɗi ya fi kanta babu komai. Laifin gwamnatoci ne da suka mayar da asusun juya magani hujjar janye hannu, suka bar talakan da aka ce za a yafe masa ba tare da mai biya masa ba.

Nijar ta gwada komawa baya a 2005 da 2006, ta yafe kuɗin yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa, sai dai jinkirin biyan asibitoci ya gurgunta shirin. Najeriya kuwa, duk da alkawarin Abuja na 2001 na ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafi, har yau fiye da kashi 70 na kuɗin jinya daga aljihun majinyata yake fita.