Daga Tashar Dugbe Zuwa Tashar Moniya: Wa Zai Kiyaye Sawun Kakanninmu?

 Duk wanda ya shiga jirgin ƙasan nan na zamani zuwa Ikko ya san yanzu ba Dugbe ake nufa ba, Moniya ake zuwa, wato sabuwar tashar da aka sa wa sunan Obafemi Awolowo. An fara aikin wannan layi cikin 1917 ne? A'a, wannan na zamaninmu ne: an fara shi cikin 2017, aka buɗe shi cikin watan Yuni na 2021, tsawonsa kuwa kimanin kilomita 157. Mun yi murna, muna kuma yi, don babu mai ƙin ci gaba. Amma fa akwai wata tambaya da ya kamata mu yi wa kanmu tun da sauran lokaci. Shin idan hukumar reluwe ko ma'aikatar ayyuka ta zo da taswira da katafila, wace doka ce ta hana ta share tsohuwar tasha, ko tsohon masallaci, ko maƙabartar da iyayenmu suke kwance? Abin da muke so mu bi tarihinsa ke nan a wannan fitowar.

Bari mu fara da abin da ya sa maganar ta shafe mu fiye da kowa. Layin dogo ya taso daga Ikko ya iso Ibadan cikin 1901. Wani layin kuma ya taso daga Baro, bakin kogin Kwara, ya isa Kano cikin 1911, sa'an nan cikin 1912 aka haɗe su biyun suka zama hanya guda daga teku har Kano. Kafin a gama gadar Jebba ma a jirgin ruwa ake ƙetarar da taragai. Tun kafin wannan akwai Hausawa a Ibadan, suna zaune cikin gari a gidajen Yarbawa. Amma jirgi ne ya sa yawansu ya ƙaru, har cikin 1916 aka keɓe musu wuri, aka kafa wannan Sabo da muke ciki.

Dalili kuwa a fili yake. Da can goron Gwanja fatake suke ɗaukowa a jakuna, tafiyar watanni. Da noman goro ya bunƙasa a ƙasar Yarbawa, su Agege da Ifo da Shagamu, sai ciniki ya juyo nan. Goro kuwa ba ya son jira, in ya daɗe a hanya sai ya lalace, jirgi ne ya sa huhu yake isa Kano da ɗanyensa. Haka nan shanu, in an koro su da ƙafa suka shigo kurmi, ƙudan tsando ba ya barinsu su daɗe, dole a sayar da su da sauri. Wannan ne ya haifar da masu gida da dillalai da 'yan kamasho da masu ɗaurin huhu, waɗanda su ne ƙashin bayan Sabo. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a nan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi a kan wannan tsari, aka buga shi cikin 1969. Ashe ke nan tsohuwar tasha da shagunan ajiye kayanta da wurin loda dabbobi ba kayan Turawa kaɗai ba ne. Gumin kakanninmu yana jikinsu.

To, me doka ta ce? Dokar farko mai ƙarfi a kan kayan tarihi a ƙasar nan ita ce ta 1953, zamanin Turawa, wadda irin su Kenneth Murray suka yi ta fafutuka a kanta. Hankalin masu ita ya fi karkata ga gumaka da sassaƙe-sassaƙe da tukwane da ake fitarwa waje a sace. Duk da haka ta ba da ikon a ayyana wani gini ko wuri a matsayin abin tarihi na ƙasa. Ta wannan hanya ce aka kiyaye 'yar gadar ƙafa ta Lugga, wadda aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a Kaduna, da Gidan Makama na Kano. Cikin 1979 gwamnatin soja ta fito da Doka ta 77, ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa.

Sai dai ga inda gizo yake saƙa. Wannan doka abin da aka rubuta sunansa cikin jerin gwamnati kaɗai take karewa, jerin kuwa gajere ne, ya yi shekaru da dama yana tsaye a kan wurare 65 a faɗin ƙasar nan duka. Wanda ba ya ciki, komai tsufansa, gini ne kamar kowane gini. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta bai wa gwamna ikon karɓe fili don amfanin jama'a, a biya diyyar gini da shuka. Ba a biyan diyyar tarihi, don ba a ma san yadda za a ƙiyasta kuɗinsa ba. Kai, ko wanda ke cikin jerin ma bai tsira ba. Ga Ilojo Bar can Ikko kusa da dandalin Tinubu, ginin da aka ayyana tun 1956, amma cikin watan Satumba na 2016 aka wayi gari an rushe shi. A gida Arewa ma, Ƙofar Na'isa ta ganuwar Kano an rushe ta cikin 2010 don faɗaɗa titi, aka sake gina wata da siminti. In bera da sata, daddawa ma da wari: doka tana da rauni, mu jama'a kuma ba mu cika ɗaga murya ba sai bayan an gama.

Wani zai ce ai haka abin yake ko'ina. A'a, akwai waɗanda suka sha irin wannan ɗacin suka gyara, kuma ya kamata mu dubi yadda suka yi. A Amurka, cikin 1963 aka fara rushe wata ƙasaitacciyar tashar jirgin ƙasa da ake kira Penn Station a birnin Niyu Yok, a daidai lokacin da manyan titunan tarayya suke ratsa tsofaffin unguwanni, galibi na talakawa da baƙar fata. Hayaniyar da aka yi ta taimaka wajen fito da dokoki biyu cikin 1966. Ta farko ta ce duk hukumar tarayya da za ta yi aiki, ko ta ba da kuɗinsa ko izininsa, sai ta fara duba illar da zai yi wa wuraren tarihi, ta kuma saurari waɗanda abin ya shafa. Abin lura shi ne ba sai wurin yana cikin jeri ba, in dai ya cancanci shiga ya wadatar. Ta biyu kuwa ma'aikatar sufuri ta kama kai tsaye: ba za ta bi ta kan wurin tarihi ko lambun shaƙatawa na jama'a ba sai in babu wata hanya mai yiwuwa kuma ta hankali. Cikin 1971 mutanen birnin Memfis suka kai ƙara har Kotun Ƙoli a kan wani titi da za a ratsa da shi ta lambun Overton, suka yi nasara, ba a ratsa ba.

Daga baya masu ayyuka suka yi ta kukan cewa binciken yana cin lokaci da kuɗi, sai aka fara sassautawa. Cikin 2005 aka cire yawancin manyan titunan tarayya su kansu daga wannan bincike, ban da wasu gadoji da ramuka na musamman. Cikin 2018 aka yi makamancin haka ga ƙananan gyare-gyare a cikin harabar layin dogo. Wato dai sun koma ga cewa a bambance: canza ƙarfen layi da katakonsa aiki ne na yau da kullum, kada a tsayar da shi, amma tsohuwar tasha ko gada mai tarihi sai an zauna an yi shawara. Darasin da muka ɗauka shi ne nauyin yana wuyan mai gina hanya tun kafin ya sa diga.

Mu dawo gida. Abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne Doka ta 86 ta 1992, wadda ta wajabta a auna illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi, manyan tituna da layin dogo kuwa suna ciki. Bisa ƙa'ida ana baje rahoton a bainar jama'a na kwana 21 na aiki don kowa ya karanta ya faɗi ra'ayinsa. Tambaya a nan, mu nawa ne muka taɓa zuwa muka duba? Bankin Duniya kuma tun watan Oktoba na 2018 ya fara aiki da sabbin sharuɗɗa, ɗaya daga ciki a kan kayan gado na al'umma ne, har da abin da za a yi in ana haƙa aka ci karo da kabari ko wani abin tarihi. Amma wannan sharaɗi aikin da bankin ya ba da kuɗinsa kaɗai yake ɗaurewa. Layin Ikko zuwa Ibadan kuwa da rancen ƙasar Sin aka yi mafi yawansa.

Wani sauyi babba ya zo cikin watan Maris na 2023, sa'ad da aka gyara tsarin mulki, aka ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa, wadda da ta tarayya ce kaɗai. Jihar Legas ta ƙaddamar da Jan Layi cikin watan Fabrairu na 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana bin tsohuwar hanyar reluwe ta Agege inda 'yan'uwanmu suke. Ma'anar wannan ita ce masu riƙe da taswira sun ƙaru. Mu nan ma mun ga yadda gadar sama ta Mokola, da aka buɗe cikin 2013, ta zo har ƙofar gidanmu.

Don kada a ce baƙin labari kawai muka kawo, ga abin ƙarfafa gwiwa. A harabar reluwe ta Ebute Metta akwai wani tsohon gida na 1898 da ake kira Gidan Jaekel, da sunan wani Baturen reluwe da ya rubuta tarihin jirgin ƙasan Nijeriya. Gidan ya lalace ƙwarai, sai wata ƙungiya mai zaman kanta, Legacy 1995, ta haɗa kai da hukumar reluwe, aka gyara shi cikin 2010, ya zama ɗan gidan tarihi. Ba gwamnati ce ta fara tunanin ba, mutane ne masu kishi suka je suka ƙwanƙwasa ƙofa.

Saboda haka muna ba wannan ƙungiya tamu shawara huɗu. Na ɗaya, a zauna da dattawanmu maza da mata a ɗauki maganarsu a rubuce da kuma a na'ura: ina ake loda goro, ina ake sauke shanu, wane masallaci ne na farko, su wa ke kwance a wace maƙabarta. Na biyu, kowane gida ya binciki akwatunansa, tsofaffin rasidai da takardun lodin kaya da hotuna da wasiƙun ajami, a ɗauki hotonsu a adana. Na uku, a tura 'ya'yanmu masu ilmin boko Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke cikin Jami'ar Ibadan su nemo abin da aka rubuta a kan Sabo, tunda ga shi nan kusa da mu. Na huɗu, in an haɗa jerin wuraren, mai girma Sarkin Hausawa da shugabanni su miƙa shi ga ofishin hukumar gidajen tarihi da ke Aleshinloye da ƙaramar hukuma da hukumar reluwe, tare da maƙwabtanmu Yarbawa, domin tsohuwar tashar Dugbe tamu ce da su baki ɗaya.

'Yan'uwa, mun sani duk ranar da wata 'yar hatsaniya ta tashi, kalmar da ake fara jifanmu da ita ita ce baƙi. Unguwar da ta haura shekara ɗari ba ta rasa abin nunawa, amma sai in an adana shi. Injiniya ba ya ganin abin da ba a zana masa a takarda ba, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu rubuta tun yanzu, mu kai inda ya dace.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka sha rana a bakin tasha, Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, amin. Wassalam.