Daga rikoda zuwa salula: wa ke tattara maganarmu?

A 1968 aka kafa cibiyar CELHTO a Yamai, don adana tarihin da ke bakin mutane. Lokacin nan mai bincike rikoda yake ratayawa, ya shiga ƙauye, ya zauna gaban tsoho ko maroƙi, ya naɗe magana a faifai. Yau maganar ta koma cikin salula, hanyar tattara ta ma ta sake.

A 2010 babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya ce zai adana duk abin da aka rubuta a fili a Twitter tun 2006. Masana suka samu ƙofar da kwamfuta ke bi ta kwaso dubban saƙonni, ta ƙirga kalmomi, ta zana taswirar wa ke yaɗa maganar wa. Abin bai ɗore ba. Ƙarshen 2017 ɗakin karatun ya ce kayan sun yi masa yawa, sai dai ya riƙa zaɓe. A 2018 aka bankaɗo cewa bayanan mutane har miliyan 87 na Facebook sun faɗa hannun kamfanin Cambridge Analytica, sai Facebook ya tsuke ƙofarsa. A 2023 Twitter ya sa kuɗi a tasa. A Agustan 2024 Meta ya rufe CrowdTangle, wanda ƴan jarida ke bin sawun labaran ƙarya da shi.

Mu kuwa, ko lokacin da ƙofofin ke buɗe, ba a cika jin mu ba. Maganar Maraɗi da Damagaram da Tawa ba a Twitter take ba, a saƙon murya na WhatsApp take, wanda tun 2016 yake kulle tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Mai bincike sai ya nemi izini a sa shi cikin gurup, ya saurara, ya rubuta da hannu, kamar dai mai rikodan can na da.

To, wanda zai rubuta tarihin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 nan da shekara talatin, ina zai samu muryoyin da muka riƙa tura wa juna a daren nan? Da yawa mun goge su ranar da salula ta cika.