RUMBU DA KAYAN SALLAH: TARIHIN TSIMI A ƘASARMU



A taronmu na baya anka yi gardama mai zafi bisa kayan Sallah. Na gida sunka ce ɗiyan gari da ke waje sun rage aike. Na waje sunka ce abin da ake roƙonsu ya fi ƙarfin aljihunsu, har wani ya ce shekara uku ke nan yana cin bashi don ragon layya da turamen zane. Mu yara ne, ba mu isa mu raba gardamar manya ba. Amma aikin koyarwa ya saba mana da duba baya kafin a yanke magana. Don haka munka zauna da tsofaffi, munka buɗe littattafan tarihi, munka tattaro abin da ke biye.

Zamanin rumbu da wuri

Kafin zuwan Nasara, dukiyar manomi hatsi ce da bisashe. Gida duka yana noma gandu ɗaya ƙarƙashin maigida, mata da samari kuma kowa da ƴar gamanarsa. In kaka ta yi, a ƙidaya damma, a fid da zakka, a ware iri, sannan a liƙe babban rumbu. Ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka, lokacin da ma'aikata ke bukatar hura mai kauri. Da rani, abin da anka samu a gamana shi ke riƙe da gida. Magidancin da ake girmamawa shi ne wanda iyalinsa ke cin hatsin bara ko na bara waccan, na bana yana ajiye.

Ku ƴan ci-rani, ku lura da sunanku. Asalin tafiyar, a je a ci rani a wani wuri don kada a ci rumbu. Saurayin da ya bar gida wata biyar ya bar wa iyalinsa abincin wata biyar, ko da bai komo da komi ba sai riga. Ci-rani dubarar tsimi ce tun farko.

Kuɗɗin lokacin wuri ne. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, wanda ake kira Abdul Karim, ya sauka Tasawa cikin Janairu 1851, ya kuma ba da labarin wahalar da ake sha wajen ƙidayar wuri 500.000 da hannu. A Kano, shekarar nan, dala guda ta azurfa tana bakin wuri 2.500. Sunan dalar nan ne ya bi tamma biyar ta Faransa, shi ya sa har yau muke lissafi da dala. Kuɗɗin da sai an sa jaki ya ɗauka ba ya fita gida da gaggawa.

To, mi ake bayarwa da Sallah a wancan zamani? Abin da gida ya yi. Auduga daga gona, mata su kaɗa, masaƙi ya saƙa, a kai marina. Riga guda tana ganin Sallah da yawa, in ta koɗe a maida ta marina ta komo kamar sabuwa. A kai wa surukai da maƙwabta tuwo, a ba yara wuri kaɗan. Goro daga Gwanja fatake ke kawo shi, tafiyar watanni, shi ya sa ake fasa ƙwara guda a raba wa mutane da yawa ba tare da kunya ba.

Biki ma lissafi ne. Mace ta san abin da ƙawarta ta kawo mata ranar suna, ta san za ta maida ninki ranar nata bukin. In ninkin ya yi nauyi, sai su biyu su shirya a rage a koma ƙasa. Wannan ajiya ce a hannun mutane, kuma tana da linzami.

Lanho, yunwa da rumbun dole

Da Nasara sunka kafa mulki a farkon shekarun 1900, sunka aza lanho, daga baya sunka ce da kuɗɗinsu za a biya. Daga nan manomi ya fara sai da hatsi don dole. Yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ta iske rumbuna da yawa ba su da tsohon hatsi. A 1931 fara da ƙarancin ruwa sunka kawo wata yunwar, wadda ta fi tsanani a yammacin ƙasa, ana kuma ci gaba da neman lanho.

Bayan wannan ne gwamnatin Nasara ta matsa bisa rumbunan ajiya na tilas. Kowane gida ya zuba hatsi, ba a buɗewa sai da izinin kwamandan. Tunanin ba shi da laifi, amma tsofaffi ba su tuna abin da alheri, don ikon buɗewa ba hannunsu yake ba. Darasin farko ke nan: tsimin da anka tilasta, mabuɗi yana hannun wani, ba ya daɗewa.

Kuɗɗin gujiya da kanti

Jirgin ƙasa ya fara aiki tsakanin Kano da bakin teku a 1912, cinikin gujiya ya bunƙasa can, sannu a hankali ya haye zuwa Damagaram da Maraɗi. A Disamba 1945 anka ƙirƙiro kuɗɗin sefa. Bayan mulkin kai, a 1962, anka kafa SONARA don sayen gujiya, da UNCC don ƙungiyoyin manoma.

Nan ne Sallah ta sake kama. Kuɗɗin gujiya suna zuwa gaba ɗaya, sau guda a shekara, ga kanti kusa da sikeli. A biya lanho, sauran a sayi atamfa, kwanonin jere, fitila, sukari da shayi. Zanen kanti ya ture na saƙi. Abin da a da ake yi a gida ya zama abin saye, abin da ake saye sau ɗaya ya zama na kowace shekara. Wanda kuɗɗinsa sunka ƙare kafin damana sai ya ci bashi wurin ɗan kasuwa, ya biya da kaka da abin da ya noma. Gonar hatsi ta ragu, gidaje sunka fara rarraba gandu, babban rumbu ya zama ƙanana.

Ci-rani ma ya sake. Aka daina tambayar nawa yaro ya rage wa rumbu, aka koma tambayar mi ya kawo cikin akwati. Amma waje ba gida ba ne. A ƙarshen 1969 Gana ta kori baƙi, mutanenmu da yawa sunka baro Kumasi da Ankara da abin da hannu ya iya ɗauka.

Daga fari zuwa El Buhari

Farin 1973 da 1974 ya kashe bisashe, ya watsa garuruwa. Ma'aikatar OPVN, wadda anka kafa a 1970 don ajiyar cimaka, ba ta iya cike gurbin rumbunan gida ba. Ranar 15 ga Afrilu 1974 soja sunka karɓi mulki ƙarƙashin Seyni Kountché. A 1975 cuta ta faɗa wa gujiya, cinikinta bai sake komawa yadda yake ba.

Sai kuɗɗin uraniyum na Arlit da na man fetur na Nijeriya sunka shigo. Ma'aikata da Alhazai sunka ɗaga darajar buki, talaka ya bi su da gudu. Shadda ta zama ma'aunin mutum, rago ya zama abin gasa. Gwamnatin lokacin ta yi ƙoƙarin ƙayyade kuɗɗin aure da ɓarnar bukukuwa, amma doka ba ta shiga ɗakin amarya. Abin da anka hana a fili aka riƙa bayarwa da dare.

Daɗin bai jima ba. Farashin uraniyum ya faɗi tun farkon shekarun 1980. A Janairu 1983 Nijeriya ta kori baƙi marasa takardu. A Afrilu 1984 ta rufe iyaka, ta kuma sake launin takardun naira, waɗanda ke ajiye da naira a wannan gefe da yawa sunka yi hasara. Damanar 1984 ba ta yi ba. Yunwar da ta biyo ita ce mutanenmu sunka sa wa suna El Buhari, da sunan shugaban da ya rufe iyakar.

Ga abin lura. A 1984 ƙaramar Sallah ta faɗo ƙarshen Yuni, layya kuma farkon Satumba, duka biyu cikin damana, kafin a san ko za a girbe. Wata tsohuwa ta gaya mana yadda a gidansu anka taɓa sauran hatsi don ɗinkin yara, bisa zaton sabo na nan tafe. Sabon bai zo ba. Da rani sunka koma jiƙa anza.

Asusun mata da faɗuwar sefa

A 1991, nan jihar Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara aiki da mata bisa tsarin da anka sani da Mata Masu Dubara. Tushensa adashin da uwayenmu sunka sani ne. Mata kamar talatin su taru kowane mako, kowacce ta zuba abin da anka shirya cikin asusu mai kwaɗo, a ranta wa mai bukata, ƙarshen zango a fasa a raba. Babu kuɗɗin waje a ciki. Tsarin nan ya bazu ƙasashe da yawa na Afirka da wajenta. Bambancinsa da rumbun kwamandan ɗaya ne: mabuɗi yana hannun masu dukiya.

A Janairu 1994 anka rage darajar sefa da rabi. Tamma guda ta Faransa da ke sefa 50 ta koma 100. Duk abin da ke zuwa daga waje, zane, sukari, madara, magani, ya yi tsada. Gidan da Sallarsa ta dogara ga kanti shi ya fi jin jiki.

Ta 2005 kam mun gani da idonmu, muna ƴan lakkol. Fara da ƙarancin ruwa sun ɓata damanar 2004, hatsi ya yi tsada fiye da yadda aka saba. Akwai shi a kasuwa, kuɗɗin saye ne babu. Ajinmu ya rage, don yaron da bai karya ba ba ya zama bisa teburi. Gidaje da yawa sun sai da hatsi da arha da kaka, sunka sake sayensa da tsada da bazara. Rufe iyakar Nijeriya a 2019, da rufe iyakoki a 2023, sun sake tuna mana cewa hanyar aike tana iya yankewa dare ɗaya.

Abin da tarihin ga ke koya mana

Sallah tana bin wata, noma yana bin ruwa. Kowace shekara Sallah tana matsowa da kwana 11, sai bayan shekara 33 take komawa inda ta taso. A 2025 layya ta faɗo farkon Yuni, daidai lokacin shibka, rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada. Shekarun da ke biye tana komawa cikin bazara da rani. Kenan kowace jikka da ta tafi ga ado, daga bakin iri da abincin noma anka cire ta.

Ga shawarwarinmu, dattawa su gyara inda munka yi kuskure.

Na farko, ɗan ci-rani ya aiko da kaka, lokacin da tiya ke da arha, a sayi hatsi a ajiye. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. Aiken kaka ya fi aiken jajibiri nauyi, ko da adadin kuɗɗin ɗaya ne.

Na biyu, mu koma ga lissafin da muke ba yara a allo. Wanda ya ajiye dala 20 kowace rana, a shekara yana da jikka 36 da rabi. Mata 30 masu zuba dala 20 kowane mako, a shekara sun tara jikka 156. Kayan Sallah da anka tara wa kuɗɗi tun wata goma baya ba su zama bashi.

Na uku, mai iko ya sayi ɗan rago tun da wuri ya turke, harawa da dussa na gida. Marar iko kada ya ji kunya. Malamanmu sun sha faɗa cewa layya sunna ce bisa wanda yake da hali. Naman kuma a soya a ajiye yadda uwayenmu ke yi, ya kai makonni yana gyara miya.

Na huɗu, gidaje su shirya tsakaninsu: ɗinki ɗaya ga yaro a shekara, ya yi Sallah biyu. Ƙawaye su rage ninkin biki in ya yi nauyi, al'ada ta yarda da haka tun da.

Na biyar, mu ƙarfafa rumbun tsimi na gari, da littafi a rubuce, da mabuɗai a hannun mutane daban-daban, a karanta lissafi gaban kowa.

Ba mu ce a daina kyauta ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma goron Sallah yana cikin abin da ya riƙe garinmu har yau. Kakanninmu sun yi kyauta, amma sai bayan sun liƙe rumbu. Iyaye, in ɗanku ya aiko buhu maimakon shadda, ku sa masa albarka. Ƴan'uwa na waje, ku faɗi gaskiyar abin da ke hannunku, kada ku ci bashi don a yabe ku yini ɗaya. Hausawa sun ce Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi.

Za a kawo maganar rumbun tsimi a taro mai zuwa. Wanda ke nesa ya aiko da ra'ayinsa ta hannun wakilin garin da yake. Allah shi ba mu damana mai albarka, shi maido da matafiyanmu lafiya. Amin.