Kirsimeti: yadda gardamar malamai ta haifi ranar sujada

A watan Disamba na shekarar 386, wani firist mai suna Yohanna, wanda daga baya aka yi wa laƙabi da Kirisostom, wato mai bakin zinariya, saboda fasaharsa, ya tsaya gaban jama'a a birnin Antakiya yana roƙonsu su hallara a majami'a ranar 25 ga wata. Antakiya, wadda a yau take kudancin Turkiyya, ita ce garin da aka fara kiran mabiyan Yesu da sunan Kirista, amma duk da haka bikin haihuwarsa baƙo ne a can. Yohanna da kansa ya ce ba a kai shekara goma da sanin ranar a garin ba, kuma mutane sun rabu a kanta: wasu na cewa sabon abu ne aka shigo da shi, wasu na cewa tsohuwar al'ada ce ta mutanen Yamma. Shi kuwa ya ɗauke ta uwar bukukuwa, domin a lissafinsa in babu haihuwa, to babu baftisma, babu gicciye, babu tashi daga matattu. Da ranar ta zo, majami'a ta cika, sai ya rufe wa'azinsa da faɗa ga masu turereniya da hayaniya wajen karɓar Jibin Ubangiji, ya ce su matso da tsoro da natsuwa.

Wannan wa'azi ya bar tambayoyi biyu. Me ya sa Kiristoci suka yi kusan shekara ɗari uku ba su yi bikin haihuwar Almasihu ba? Me ya sa kuma, da suka fara, bikin ya mamaye duniyarsu cikin kusan ƙarni ɗaya?

Shekarun da babu biki

Cikin littattafan Bishara huɗu, biyu ne suka ba da labarin haihuwar, na Matiyu da na Luka. Luka ya kawo ƙidayar da Kaisar Augustas ya umarta, da tafiyar Yusufu da Maryamu zuwa Baitalami, da jaririn da aka kwantar a komin dabbobi, da makiyayan da mala'ika ya yi wa albishir cikin dare. Matiyu ya kawo masana taurari daga gabas, waɗanda suka iso da zinariya da lubban da mur, suka faɗi ƙasa suka yi wa yaron sujada, da kuma Sarki Hirudus da ya nemi kashe shi. Babu ɗayansu da ya ambaci wata ko rana.

Kiristocin farko ba su damu da wannan giɓi ba. Babban bikinsu shi ne na mutuwar Yesu da tashinsa, kuma ranakun da suke tunawa da shahidansu ranakun rasuwarsu ne. Orijen, babban malamin Iskandariya a ƙarni na uku, ya lura cewa a cikin Nassi azzalumai irin su Fir'auna da Hirudus ne aka ga suna shagalin ranar haihuwa. Kafin shi, wajen shekarar 200, Kilemen na Iskandariya ya ambaci masu lissafin da ke sa haihuwar a watan Afrilu ko Mayu, ba tare da ya nuna cewa ikilisiya ta tsayar da wata rana ba.

Shaida mafi tsufa ta 25 ga Disamba tana cikin wani kundin kalanda da aka rubuta a Roma a shekarar 354, wanda jerin ranakun da ke cikinsa ya koma zuwa 336. Masana tarihi suna da bayani biyu kan zaɓen ranar. Na farko ya danganta ta da bautar rana: a kalandar Romawa 25 ga Disamba ce ranar da yini ke fara tsawo bayan ya kai ƙarshen gajarta, kuma Sarki Oreliyan ya gina wa gunkin rana haikali a shekarar 274. Na biyu lissafi ne na cikin gida: tun ƙarni na uku wasu malamai sun ɗauki 25 ga Maris a matsayin ranar mutuwar Yesu, aka kuma riƙe ta a matsayin ranar da aka ɗauki cikinsa, wata tara daga nan kuwa sai 25 ga Disamba. A Gabas, ranar 6 ga Janairu aka fi sani, inda ake haɗa tunawa da haihuwa da baftisma, kuma ikilisiyar Armeniya tana nan a kan haka har yau.

Wane ne wannan jariri?

Bayanan biyu sun tsaya ne a kan ranar. Dalilin bazuwar bikin yana cikin gardamar da ta girgiza ikilisiya a ƙarni na huɗu da na biyar. Bayan dokar Milan ta shekarar 313 ta ba Kiristoci 'yancin ibada, wani firist na Iskandariya mai suna Ariyus ya koyar cewa Ɗan halitta ne, mafi ɗaukakar halittu, amma akwai lokacin da babu shi. Sarki Kustantin ya tara bishop-bishop kusan ɗari uku a Nikiya a shekarar 325, suka yanke cewa Ɗan da Uba zati ɗaya suke. Hukuncin bai kashe wutar ba. Atanasiyus, bishop na Iskandariya kuma babban mai kare matsayin Nikiya, sau biyar ana korarsa daga kujerarsa, kuma sai a taron Kustantiniya na 381 aka sake tabbatar da aƙidar.

Gardamar ta shafi ibada kai tsaye. In jaririn Baitalami halitta ne, to yi masa sujada bautar wanin Allah ce. In kuwa Kalmar Allah ne madawwami da ya zama mutum, kamar yadda Kiristoci suka fahimci farkon Bisharar Yohanna, to ranar haihuwarsa ita ce ranar da Mahalicci ya shigo cikin halittarsa, ya ɗanɗani yunwa da gajiya da mutuwa domin ya fanshi ɗan Adam. Wannan ita ce ma'anar Kirsimeti a wurin Kirista, kuma a nan ne ya rabu da maƙwabcinsa Musulmi. Suratu Maryam ta ba da labarin haihuwar Annabi Isa ba tare da uba ba, a gindin dabino, amma Musulunci ya tsaya a kan cewa bawan Allah ne kuma manzonsa.

Shi ya sa magoya bayan Nikiya ne suka riƙe bikin da hannu biyu. Giregori na Naziyanzus ya yi wa'azin haihuwar a Kustantiniya wajen shekarar 380, a birnin da mabiyan Ariyus suka shekara kusan arba'in suna riƙe da majami'unsa. Gardama ta biyu ta ƙara wa bikin ƙarfi. Nestoriyus, wanda ya zama bishop na Kustantiniya a 428, ya ƙi yarda a kira Maryamu mahaifiyar Allah, ya fi son a ce mahaifiyar Almasihu. Taron Afisa na 431 ya tsige shi, yana mai cewa wanda ta haifa mutum ɗaya ne da ba ya rabuwa. Jim kaɗan bayan haka Masar ta karɓi 25 ga Disamba, a Roma kuma Fafaroma Sikstus na Uku ya keɓe babbar majami'ar Maryamu, inda al'adar sujadar tsakar dare ta kafu.

Kira zuwa majami'a

Tun daga farko masu wa'azi suna kokawa da abin da ke janye mutane daga ibadar. Disamba watan shagali ne a daular Roma, da bikin Saturnaliya da na sabuwar shekara. Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya gaya wa jama'arsa su girmama ranar saboda wanda ya halicci rana, kada su yi kamar masu bauta mata. Fafaroma Liyo na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 440 zuwa 461, ya tsawata wa Kiristocin da ke tsayawa a matakalar majami'ar Bitrus su juya su rusuna wa rana mai fitowa kafin su shiga.

Ikilisiya ta kewaye ranar da shiri. A Yamma an ware makonni kusan huɗu na jiran zuwan Almasihu. A Gabas azumin kwana arba'in ne, Kibɗawan Masar kuma suna yin kwana 43 ba nama kafin bikinsu, wanda ke faɗowa 7 ga Janairu saboda suna bin tsohon lissafin kalanda, kamar yadda Habashawa ke yi. Sunan da Hausa ta ara ma sunan ibada ne: ya fito daga tsohon Turanci na ƙarni na 11, ma'anarsa sujadar Almasihu da ake yi da Jibin Ubangiji.

A shekarar 1223, Faransis na Assisi ya ga labarin ya yi wa talakawa nisa, tun da da Latin ake karanta shi. A ƙauyen Gireciyo na Italiya ya sa aka kawo komi da ciyawa da sa da jaki cikin wani kogo, aka yi sujadar dare a wurin, mutanen ƙauye na riƙe da fitilu. Manufarsa ita ce su ga talaucin da aka haifi Almasihu a ciki da idanunsu. Daga nan al'adar kwaikwayon komin haihuwa ta bazu.

Wasu kuma sun yanke cewa shagali ya riga ya cinye ibadar. Furitan na Ingila sun kafa hujja da cewa Nassi bai umarci bikin ba, kuma kwanakinsa sun zama na maye da caca. Majalisar dokoki ta soke shi a 1647, aka yi tarzoma a Kantabari, kuma sai da sarauta ta dawo a 1660 aka maido da shi. A Masacusets ta Amurka, daga 1659 zuwa 1681, tarar sulai biyar ce a kan wanda aka kama yana bikin. A Sikotilan sai a 1958 ranar ta zama hutun gwamnati. Itacen ado da katin gaisuwa da cinikin kyaututtuka, waɗanda duniya ta fi sanin Kirsimeti da su yanzu, yawanci a ƙarni na 19 suka bazu, shekaru kusan dubu ɗaya da ɗari biyar bayan wa'azin Antakiya.

Bikin ya iso ƙasar Hausa tare da mishan a farkon ƙarni na 20, kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda Dokta Walter Miller na Zariya ya yi babban aiki a kansa, ya fito a 1932. Masu fassara sun tarar da kalmomin a shirye: Almasihu, mala'ika, albishir, sujada. Ta ƙarshen ce ta zama sunan taron ibada gaba ɗaya a bakin Kiristoci masu jin Hausa, daga Wusasa zuwa Jos da Maraɗi. Ita ce kalmar da ke bayyana abin da masanan gabas suka yi a gaban yaron, kuma ita ce fasto ke amfani da ita idan ya tunatar da jama'a, a Lahadin da ke gaban biki, cewa ɗinki da shinkafa da motar zuwa gida kada su hana kowa zuwa majami'a da safiyar 25 ga wata.