Hawayen Maza a Silimun Fagge da Sabon Gari

Gidan silima na farko da ya zauna da gindinsa a Kano shi ne Rex, wanda aka buɗe a Sabon Gari a 1937. A hankali wasu suka biyo baya, irin su Plaza da Wapa a Fagge, da Queens da Eldorado a ɓangaren Sabon Gari, galibi a hannun Kwarori 'yan Labanan. Tsayuwarsu a bayan ganuwa ba haka kawai ba ne. Mutanen cikin birni suna ɗaukar silima matattarar 'yan iska, kuma gobarar silimar El-Duniya ta ranar 13 ga Mayu 1951, wadda ta ci rayuka 331, ta ƙara wa wannan zargi ƙarfi, har wasu suka ce fushin Allah ne. Macen da aka gani a ƙofar silima mutuncinta ya zube. Saboda haka 'yan kallo kusan duk maza ne: leburori, teloli, direbobi, 'yan tireda da samarin unguwa.

Waɗannan maza sun taso ne da tarbiyyar dauriya. Tun a ɗakin kaciya ake gaya wa yaro ya cije, in ya faɗi a ce masa ya yi ta maza, in ya ɓare baki a tambaye shi ko shi mace ne. A zaman makoki ma abin da ake nema ga namiji shi ne ya haɗiye, ya karɓi gaisuwa da haƙuri. Addini bai kai can ba wajen tsanantawa, domin ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye lokacin rasuwar ɗansa Ibrahim, kuma babu mai ganin laifin limamin da murya ta sarƙe masa a tahajjud. Kuka don tsoron Allah yana da gurbi. Kuka a kan hoton bango kuwa, a kan labarin da kowa ya san shirya shi aka yi, ba shi da mai kare shi.

Finafinan kaboyi na Amurka ba su taɓa wannan dauriya ba; ihu da tafi suke jawowa. Abin ya sauya da Kwarorin suka fara shigo da finafinan Indiya a shekarun 1950. Babban misali shi ne Mother India na Mehboob Khan, wanda ya fito a 1957. Nargis ta fito a matsayin Radha, matar manomi da mai ba da bashi da ruwa ya talauta, mijinta ya rasa hannuwansa ya gudu don kunya, ambaliya ta cinye gonarta, ta raini 'ya'yanta da guminta, daga ƙarshe ta harbe ɗanta Birju da hannunta don kare mutuncin 'yar wani. Bahaushe bai buƙaci jin Indiyanci ba kafin wannan ya ratsa shi. Ya san bashi, ya san yunwa, ya san uwar da ke hana cikinta ta ba ɗanta, kuma da yawa daga 'yan kallon Fagge baƙi ne da suka baro tasu uwar a ƙauye. Shekaru da dama ana maimaita fim ɗin a Kano, gida yana cika.

Tsarin gidan ma ya taimaka. Yawancin silimun ba su da rufi, sai duhu ya yi ake kunna na'ura, kuma duhun nan sutura ne. Mutum na iya jawo hula ya rufe goshi, ya goge ido da bakin hannun riga, ya ɗora laifin a kan hayaƙin sigari. Na kusa da shi ya gani ya kau da kai, wanda shi ma wani nau'i ne na kara. Ana kunna fitila sai a koma zancen faɗa da waƙa. Ko laƙabin da aka raɗa wa jarumai yana nuna inda ma'aunin yake: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Rishi Kapoor kuwa aka kira shi Mace. Hawayen da ake yafe wa namiji su ne na uwa da maraya. Wanda ya yi kuka don saurayi ya rasa budurwa, abokai ba sa barinsa ya sha ruwa.

Talabijin da bidiyo sun kai fim cikin gida, inda mata suka zama manyan 'yan kallo. Finafinan Hausa, tun daga Turmin Danya na 1990, sun gaji salon ban tausayi na Indiya, amma maigida da ke zaune a gaban iyalinsa ƙarƙashin fitila ba shi da duhun da zai fake. Bayan kafa hukumar tace finafinai ta jihar Kano a 2001, da yaɗuwar faifai masu arha, kasuwar tsofaffin silimun ta mutu, akasarinsu suka koma shaguna da rumbunan ajiye kaya. Yau matasan Fagge da Sabon Gari suna kallon fassarar Indiya-Hausa ne a waya, sau da yawa kowa shi kaɗai, da abin sauraro a kunne.