Kakar 2018/2019 a Gasar Saudiyya: Shekarar da Maki Ɗaya Ya Raba Gardama

Kakar wasa ta 2018/2019 a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Saudiyya ta soma ranar 30 ga Agusta 2018, ta ƙare ranar 16 ga Mayu 2019, ana cikin watan azumi. Ƙungiyoyi 16 ne suka kara, kowace ta buga wasa 30. Al-Nassr ta birnin Riyad ce ta ɗauki kofi da maki 70, babbar kishiyarta Al-Hilal, wadda suke gari ɗaya, na biye da 69. A ƙasar Hausa kuwa, daga Kano har Maradi, an fi tuna kakar da sunan mutum ɗaya: Ahmed Musa.

Kafin wannan shekara, idan samari suka zauna a fada a Agiye ko Gazawa ko Gidan Rumji, ana jiran shayi ya nuna, gardamar ƙwallo ba ta wuce Real Madrid da Barcelona da ƙungiyoyin Ingila. Saudiyya ƙasar aikin Hajji ce da Umara, ba wurin da ake tambayar wa ya ci wa ba. Amma gasar tsohuwa ce. Tun cikin shekarun 1970 ake buga ta, manyan ƙungiyoyinta kuma sun girme ta nesa: an kafa Al-Ittihad ta Jidda a 1927, Al-Nassr a 1955, Al-Hilal a 1957.

Kuɗin gwamnati ne suka sauya fuskar kakar. A watan Mayun 2018 aka ba da sanarwar cewa Yarima mai jiran gado, Muhammad bin Salman, zai biya basussukan da suka danne ƙungiyoyin, sama da riyal biliyan 1.2, aka kuma sa wa gasar sunansa. Hukumar wasanni, ƙarƙashin Turki Al-Sheikh, ta jagoranci sauye-sauyen: ƙungiyoyi suka tashi daga 14 zuwa 16, aka yarje wa kowace ta ɗauki baƙin ƴan wasa har takwas, aka kawo na'urar VAR mai taimaka wa alƙalin wasa. Nan take kasuwa ta buɗe. Al-Hilal ta ɗauko koci Jorge Jesus daga Fotugal, ta sayo Bafétimbi Gomis daga Galatasaray. Al-Nassr ta kawo Nordin Amrabat daga Watford, Giuliano daga Fenerbahçe, mai tsaron gida Brad Jones daga Feyenoord, da wani ɗan Maroko daga Al-Rayyan ta Katar wanda zuwansa bai yi amo sosai ba, Abderrazak Hamdallah.

Wanda zuwansa ya yi amo shi ne Musa. Haifaffen Jos ne, a Kano Pillars ya yi suna, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010 tun yana matashi. Daga nan ya bi ta VVV-Venlo a Holan, CSKA Moscow a Rasha, da Leicester City a Ingila, inda abubuwa ba su yi masa daɗi ba. Ranar 22 ga Yunin 2018, a Gasar Cin Kofin Duniya, ya zura wa Aisilan ƙwallo biyu a Volgograd, darajarsa ta sake tashi. A watan Agusta Al-Nassr ta saye shi, jaridu suka ce a kan yuro miliyan 16.5. Masu sharhi da dama sun ga bai kamata ɗan shekara 25 ya bar Turai ba. Ga Bahaushe mai sauraron labarin wasanni a rediyo kuwa, nasa ne ya koma ƙasa mai tsarki, kuma wannan ya isa dalilin bin sakamakon gasar.

Ya fara da ƙafar dama. A watan Satumba ya ci Al-Qadsiah ƙwallo uku shi kaɗai. Sai dai gaskiya ita ce bai ci gaba da ci haka ba, domin da ƙwallo bakwai ya kammala gasar. Aikinsa ya koma gefen fili, inda gudunsa ke jan ƴan baya yana buɗe wa wasu hanya. Mai cin moriyar wannan hanya shi ne Hamdallah, wanda ya zura ƙwallo 34, kusan rabin duk abin da ƙungiyar ta ci, adadin da ba a taɓa kai wa ba a kaka ɗaya. Gomis da Léandre Tawamba ɗan Kamaru na Al-Taawoun, da ke biye da shi, 21 kowanensu ya ci. Duk mai adalci zai ce kofin na Hamdallah ne kafin kowa.

Abin da ke da ciwo a tarihin kakar shi ne rashin haƙurin shugabannin ƙungiyoyi. Al-Nassr ta sallami José Daniel Carreño ɗan Uruguwai a watan Nuwamba, mutumin da ya ci mata kofi a 2014. Hélder Cristóvão ya riƙa na ɗan lokaci, sannan a watan Janairu aka kawo Rui Vitória, wanda ya ci gasar Fotugal sau biyu da Benfica. Na Al-Hilal ya fi ɗaure kai: ta rabu da Jorge Jesus a ƙarshen Janairu alhali tana saman teburi. Zoran Mamić ɗan Kuroshiya ya gaje shi, bai cika wata uku ba aka kore shi, bayan Al-Taawoun ta lallasa su 5-0 a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Sarki. Péricles Chamusca ɗan Burazil ne ya ƙarasa. Ƙungiyar da ta rasa kofi da maki ɗaya bayan ta canza koci sau biyu cikin wata uku, da wuya ta ɗora laifin a kan wani.

Karon farko tsakanin ƙungiyoyin Riyad, a watan Disamba, kunnen doki aka yi, 2-2. Na biyun, ranar 29 ga Maris 2019 a filin wasa na Sarki Fahad, shi ne wasan da magoya baya ba su manta ba. Hamdallah ya ci biyu, Al-Hilal ta farke duka, lokaci ya cika ana 2-2. Can cikin mintunan da alƙali ya ƙara, ɗan wasan baya Bruno Uvini ya ci ta uku, Al-Nassr ta hau saman teburi. Ba ta zauna lafiya a can ba, domin a watan Afrilu Al-Ittihad ta doke ta. Sai Al-Taawoun ta sake yi wa Al-Hilal illa, wannan karon 2-0 a gasar. Ranar ƙarshe Al-Nassr ta ci Al-Batin 2-1, duka biyun daga Hamdallah, nasarar da Al-Hilal ta samu a kan Al-Shabab ba ta tsinana mata komai ba. Al-Nassr ta fi Al-Hilal shan kashi, sau huɗu ga sau uku, amma ta fi ta yawan nasara, 22 ga 21.

Akwai wani zare na Hausa a wannan kaka wanda ya girmi zuwan Musa da ƙarnuka. A bayan Al-Nassr akwai Omar Hawsawi, Al-Ahli ta Jidda na da Motaz Hawsawi, Al-Wehda ta Makka kuma na da Osama Hawsawi, wanda ya yi kyaftin ɗin Saudiyya a Gasar Cin Kofin Duniya ta Rasha a 2018. Dukansu uku sun je waccan gasa. Sunan Hawsawi laƙabi ne na zuriyar Hausawan da suka tafi Hajji a ƙafa da kan dabbobi, ta Chadi da Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya, suka zauna a Makka da Madina da Jidda. Wasu sun yi wannan tafiya ne bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903. Jikokinsu ƴan Saudiyya ne cikakku, Larabci ne harshensu na yau da kullum, kuma sun daɗe suna cikin ginshiƙan ƙwallon ƙasar, tare da masu laƙabin Fallata da Barnawi. Duk gidan da ke da labarin kaka ko kawu da ya tafi gabas bai dawo ba, zai ji wannan suna a jikinsa.

Nijar ma ta sa ƙafa. Moussa Maâzou, ɗan wasan gaban Mena, ƙungiyar ƙasar Nijar, wanda shi ma ya taɓa bugawa CSKA Moscow, ya je Ohod ta Madina a 2019, amma ƙungiyar ta riga ta yi nisa cikin wahala. Ita ce ta ƙare a ƙasan teburi, ta faɗa rukuni na biyu tare da Al-Batin da Al-Qadsiah. Al-Ittihad, duk da girmanta, ta daɗe cikin masu fargabar faɗuwa, ta rabu da Ramón Díaz da Slaven Bilić kafin José Luis Sierra ya tsamo ta. Al-Taawoun ta Buraida, wadda ba ta cikin manyan masu kuɗi, ta zo ta uku, ta kuma ɗauki Kofin Sarki bayan ta doke Al-Ittihad 2-1.

Musa ya ƙara cin kofin Super Cup da Al-Nassr a Janairun 2020, ya bar ta a watan Oktoba na shekarar, ya sake saka rigar Kano Pillars a Afrilun 2021. Cristiano Ronaldo ya ƙulla yarjejeniya da Al-Nassr a ƙarshen Disamban 2022, kuma a kakar 2023/2024 ya ci ƙwallo 35, ya wuce Hamdallah da ɗaya. Amma har zuwa ƙarshen kakar 2024/2025 ƙungiyar ba ta sake ɗaukar kofin gasar ba: cikin kakanni shida da suka biyo baya, Al-Hilal ta ci huɗu, Al-Ittihad biyu.