Sa'adu Zungur

Malam Sa'adu Zungur mawaƙi ne kuma ɗan siyasa, haifaffen Bauchi daga gidan malamai. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan a 1934 ya wuce Kwalejin Yaba ta Legas, inda ya zama ɗan Arewa na farko da ya shiga. Bayan ya koyar a Zariya ya koma gida, inda shi da Malam Aminu Kano suka riƙa ƙalubalantar mulkin En'e a zauren muhawarar Bauchi. A 1948 ya zama sakataren jam'iyyar NCNC ta Azikiwe, daga bisani ya koma NEPU.

An fi tuna shi da waƙar “Arewa Jumhuriya ko Mulukiya”, wadda sau da yawa ake yi wa gurguwar fahimta. Bai nemi a rushe sarauta ba. Gargaɗi ya yi wa sarakuna su gyara, su rungumi ilimi da adalci, tun kafin guguwar zamani ta yi awon gaba da su. “Waƙar Bidi'a” da “Maraba da Soja” ma nasa ne.

Ciwon huhu ya daɗe yana cin sa. Ya rasu a 1958, saura shekara biyu a samu 'yancin kai.